Katifar iska ta majinyata: amfaninta da kasawarta a jinyar uban da cutar kansa ta kwantar

Idan cutar kansa ta kai inda likitoci suka daina zancen warkewa suka koma zancen rage raɗaɗi, yawancin iyalai gida suke komawa da mahaifinsu. A can ne ake fara fama da abin da ba a cika yi wa mutane bayaninsa ba ranar sallama, wato gyambon kwanciya. Dattijon da kansar mafitsara ta bi masa ƙashin baya ta kashe ƙafafu, ko wanda ta hanta ta zuge shi har ƙasusuwa suka fito, ba ya iya gyara kwanciyarsa da kansa. Ƙashi ya danne fata a kan katifa, jini ya daina isa wurin, cikin awa biyu kacal nama na iya fara mutuwa. Ɓarnar kuma daga ciki take farawa, kusa da ƙashi, shi ya sa ake ganin ɗan ƙunci kamar kwabo a waje alhali ƙarƙashinsa rami ne.

Katifar iska mai inji, wadda shagunan kayan asibiti ke sayarwa, don wannan aka yi ta. Ra'ayinmu a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta, kuma gara a saye ta tun fatar Baba na lafiya da a jira sai ta fashe. Sai dai masu sayarwa na yawan cewa "da ita ba sai an juya shi ba", wannan kuwa ba gaskiya ba ne, kuma maganar ta ja wa gidaje da yawa gyambon da aka sayi katifar don a kauce masa.

Yadda take aiki babu wuya. Shimfiɗa ce ta roba da ake ɗorawa a kan katifar soso, an raba cikinta gida biyu da ba sa haɗuwa. Tiyo biyu ke fita daga ɗan inji ya shiga cikinta. Injin ya hura rukuni na farko ya sassauta na biyu, bayan minti 6 zuwa 12, gwargwadon kamfanin, ya juya. Don haka inda ke ɗauke da nauyi yanzu, an jima kaɗan ya huta, jini ya koma.

Iri biyu ne a kasuwa

Ta farko ita ce mai ƙulu-ƙulu kamar kiret ɗin ƙwai. Tsawonta kimanin mita 2, faɗi santimita 90, kaurinta idan ta cika bai wuce santimita 6 zuwa 7 ba, ƙulu-ƙulunta kuwa wajen 130. Ita ce mai araha, ita ce kuma aka fi samu. Tana da kyau ga wanda har yanzu yake ɗan motsawa, yake tashi zaune da taimako, kuma fatarsa ba ta fashe ba. Aibinta biyu: siririya ce, kuma allura ɗaya ta huda ta rabin katifar ya tafi, tunda duk ƙulu-ƙulun rukuni ɗaya iska ɗaya suke sha.

Ta biyu mai gora-gora ce, dogayen bututu kamar 17 zuwa 20 a jere a gicciye, kauri santimita 11 zuwa 13, da mayafin da ruwa ba ya ratsawa a sama. Kuɗinta ya ninka na ta farko, wani lokaci fiye da haka. Amma ga uban da ya daina motsi gaba ɗaya, ko wanda tabo ya riga ya bayyana a saman ɗuwawunsa, ita muke ba da shawara ba tare da wani kwana-kwana ba. Kaurin ne ke hana ƙashi taɓo ƙasa, kuma idan gora ɗaya ta huje a ɓalle ta a sa wata, yawanci akan saka ta safaya guda a kwalin. Mafi yawansu na da wata marata mai jan rubutu a wajen kai, ana fizge ta iska ta zube nan take idan ana bukatar shimfiɗa mai tauri cikin gaggawa. A nuna wa duk mutanen gidan ita, musamman don jikoki su san ba abin wasa ba ce.

Wanda kuɗinsa bai kai ga mai gora ba kada ya fasa sayen mai ƙulu-ƙulu. Ta fi babu nesa ba kusa ba, sai dai za ta bukaci ƙarin hannu.

Kafin a biya kuɗi, a juya injin a karanta bayansa. Dole ya zama 220 zuwa 240V, wanda shi ne wutar Najeriya da Nijar. Na gwanjo da ya fito daga Amurka 110V yake, ana sa shi a soket ya ƙone. A sa mai shago ya kunna a gabanka, ka ɗora yatsa a bakin kowace kafa ta tiyo: iska ta fito ta ɗaya, bayan 'yan mintoci ta koma ɗayar. Mutane da yawa na jin iska ta fito sau ɗaya su ce ya yi, alhali abin da ke lalacewa a waɗannan injuna shi ne ɗan agogon da ke juya iskar. Ka jira ka ga ta juya, ko da mai shago ya fara ƙosawa. A duba nauyin da aka rubuta tana ɗauka, galibi kilo 120 zuwa 150, a kuma tabbatar akwai faci da gam a ciki.

Shimfiɗawa

Ba a ɗora ta a kan tabarma, ko katako, ko siminti. Tana son katifar soso mai kaurin santimita 10 ko fiye a ƙarƙashi, kuma wadda ba ta lotsa a tsakiya ba. Gadon mutum ɗaya ya fi, domin a babban gadon ɗakin maigida shimfiɗar santimita 90 tana zamewa, masu jinya kuma sai sun hau gadon kafin su kai gare shi, bayansu ya yi ta ciwo. A janye gadon daga bango yadda mutum zai iya tsayawa ta kowane gefe. Tun da ana cikin gyaran wuri, a daidaita shi yadda idan Baba ya kwanta ta hannun dama fuskarsa na kallon alƙibla, sai salla a kwance ta zo da sauƙi ba tare da an yi ta jan gado sau biyar a yini ba.

Wajen tiyo ya kasance ta ƙafa. A cusa leɓatun da ke kai da ƙafa a ƙarƙashin katifar soso, a rataye injin a ƙafar gado da maƙalansa, a bi tiyo da ido kada ya lanƙwashe ko ƙafar gado ta take shi. A murɗa abin daidaita iska da ke jikin injin zuwa ƙarshe a bar ta ta cika babu kowa a kai, minti 20 zuwa 30. Sannan a shimfiɗa zanen gado na auduga guda ɗaya, sako-sako. Idan aka ja shi aka ɗaure tamau ya zama kamar fatar ganga, mutum na kan zanen ne ba kan iska ba. A gicciye, daga kafaɗa zuwa cinya, a sa zani ɗaya da aka ninka biyu, shi ne abin ɗagawa da juyawa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan na tausayi ne. Uwargida ta ga roba, ta ce ba za a kwantar da Alhaji a kan roba ba, sai a shimfiɗa bargo, a ƙara darduma, a ɗora leda mai kauri saboda fitsari. Kowane ƙari yana rage aikin katifar, bargo biyu kuwa sun kashe shi ɗungum. Idan akwai yoyon fitsari ko bayan gida, a yi amfani da ƙyallen shimfiɗa siriri mai shan ruwa guda ɗaya, a canza shi da zarar ya jiƙe.

Murɗa abin daidaita iska

Nan ne aikin yake, kuma takardar da ke cikin kwali ba ta cika taimakawa ba. Mutane na ɗauka ƙarshen tauri shi ne ƙarshen kyau. Ga dattijon da kansa ta mayar kilo 45, katifa mai tauri kamar tayar mota ita ma danna ce. Idan kuma ta yi laushi da yawa, ƙashi ya nutse ya taɓo katifar soso, aikin ya zama na banza.

Da hannu ake gwadawa. Yana kwance rigingine, ka zura tafin hannu tsakanin katifar iska da ta soso, daidai ƙarƙashin ƙashin saman ɗuwawu, tafin na kallon sama. Ka jira rukunin da ke wurin ya saki. Idan ka ji ƙashinsa ya zauna a kan yatsunka, iska ta yi kaɗan, ƙara. Abin da ake so shi ne ka ji akwai iska kamar kaurin yatsu biyu, wajen santimita 2 da rabi, tsakaninka da jikinsa. A fara daga tauri a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ana ba ta minti 15 bayan kowace murɗawa. Idan an samu daidai a yi alama da biro ko a manna salatif, domin 'yan dubiya da yara ba sa ganin abin murɗawa su ƙyale. A sake gwajin duk mako, tunda rama na ci gaba, a kuma ƙara iska kaɗan duk lokacin da za a jingina shi zaune don cin abinci, saboda a zaune nauyin duk a wuri ɗaya yake taruwa.

Wuta

Babbar kasawar wannan katifa a ƙasarmu ita ce an ƙera ta don inda wuta ba ta ɗaukewa. Injin ba shi da batir. Da an ɗauke wuta iska ta fara zurarewa, kuma roba mara iska mai tattara-tattara a ƙarƙashin mutum ta fi katifar soso tsura illa, saboda kowace tattara layin danna ce.

Abin farin ciki, injin ba ya cin wuta. Wat 7 zuwa 10 ne, bai kai ƙaramar fanka ba. Ko a ce wat 10, a awa 24 ya ci wat-awa 240. Batir 12V mai 100Ah na ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, rabi ake so a ja don kada ya mutu da wuri, wato 600, don haka ko an cire abin da inbata ke ci da kanta ya isa yini da kwana. Gidan da ke da sola ya riga ya huta, a dai ware wa injin soket nasa wanda ba za a zare don cajin waya ba. Inbata mai arha kan sa injin gurnani da ɗumi, mai tsabtar wuta ta fi masa. Inda wuta ke hawa da sauka, ƙaramar sitabilaiza na ceton sa.

Idan babu ko ɗaya, ga dabarar da ke sayen lokaci: da an ɗauke wuta, a zare tiyo biyun daga inji da sauri a haɗa bakinsu da juna da ɗan guntun bututu, ko a lanƙwasa kowanne a ɗaure da roba. Iskar ta tsaya a ciki na wasu awoyi idan babu huji. Amma ta daina juyawa, don haka a koma juya shi duk awa biyu kamar babu ita. Idan an san wutar za ta yi kwanaki, kamar taransifoma ta lalace, a zare ta gaba ɗaya a bar shi a kan soso.

Zafi ma matsala ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, mai ƙulu-ƙulu na tara gumi sosai, jiƙaƙƙiyar fata kuwa ta fi saurin saluɓewa. Zanen auduga, fanka, da goge baya a busar sau uku ko huɗu a yini su ne maganin. Hoda ba ta taimakawa, cuɗewa take da gumi ta zama dunƙule. Da hunturu kuma ƙura ke toshe ɗan soson da ke tace iska a bayan inji ko ƙarƙashinsa. A ciro shi duk mako biyu a kakkaɓe, in ba haka ba injin ya yi ta nishi katifa ba ta cika.

Juyawa tana nan

Abin da katifar ke bayarwa shi ne tazara. A kan soso, duk awa biyu ake juyawa dare da rana, abin da ke karya masu jinya cikin sati biyu. A kan mai gora da aka daidaita, idan fata na lafiya, ana iya kai wa awa huɗu. Ke nan a juya ƙarfe 10 na dare, a sake ƙarfe 2, sai kuma da asuba. Wanda ya san jinya ya san darajar barcin awa huɗu a jere, kuma a ganinmu wannan kaɗai ya biya kuɗin katifar.

Mutum biyu ke juyawa, kowa ya kama gefen zanen da aka gicciye, a ɗaga, ba a ja. Jan mutum a kan shimfiɗa na yage naman da ke ƙarƙashin fata. A yi masa magana tukuna ko da ana ganin ba ya ji: "Sannu Baba, za mu ɗan juya ka ta dama." Ba a kifa shi a kan kwatangwalo sosai, karkatawa kaɗan ake yi, kamar digiri 30, a tokare baya da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi. Ɗaga kai ma kada ya wuce haka sai lokacin cin abinci ko idan numfashi na wahala, domin idan ya yi tsayi jiki na sulalowa ƙasa fatar saman ɗuwawu ta tattare.

Dunduniya ita ce inda kowace irin katifar iska ke kasawa. Wurin ƙarami ne, babu tsoka. A sa matashi a tsaye ƙarƙashin sha-raɓa, daga gwiwa zuwa sama da idon sawu, dunduniyar ta rataya a iska. Robar fitsari kuma a bi da ita ta saman cinya, kada ya kwanta a kanta, jakarta na ƙasa da gado.

Idan kansar ta shiga ƙashi, juyawa na da zafi. A tsara wanka da canjin shimfiɗa su zo kamar minti 30 bayan an ba shi maganin raɗaɗin da likita ya rubuta, irin ruwan mofin, lokacin ya fara aiki. Kuma akwai wanda bai kamata a ɗora shi a katifar nan ba sai likita ya yarda: wanda kansa ta ci masa ƙashin baya har ake tsoron gocewarsa, ko wanda ke da karaya da ba a ɗaure ba. Hawa da saukar iskar na motsa ƙashin. Wasu kuma motsin na tayar musu da zuciya ko hana su barci a daren farko da na biyu. Yawanci sukan saba, wanda bai saba ba a rage taurin, in ya ci gaba da ƙi a saurare shi. A kula da zama a bakin gado, gefen katifar na lotsawa mutum ya zame, sai da mai riƙewa.

Duk juyi a duba fata: ƙeya, kunnuwa, allon kafaɗa, gwiwar hannu, saman ɗuwawu, kwatangwalo, idon sawu, dunduniya. Littattafan jinya na cewa a nemi ja, amma a baƙar fata ja ba ya nunawa. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, yana sheƙi, ya fi ɗumi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi taɓas-taɓas. Da hasken rana ko tocila mai ƙarfi ake gani. Idan an gani, kada a sake kwantar da shi a kan wurin, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. Gashi al'adarmu ce ga kowane ciwon jiki, amma wanda ƙafafunsa suka mutu ba ya jin ƙuna, sai dai a ga fata ta tashi. Zoben roba da ake sa wa a ƙarƙashin ɗuwawu shi ma a bar shi a shago, zagayen da yake dannewa na ƙara toshe jini. Man kaɗanya ya isa ga busasshiyar fata, a shafa a hankali. Inda fitsari ke taɓawa kuwa man zinc ya fi tsarewa.

In fata ta riga ta fashe, katifar ba ta warkar da ita, hana ƙaruwa take yi. A wanke da ruwan gishiri: gram 9, kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, sabo kullum. Ban da sifirit, ban da toka ko garin magani na gargajiya a cikin ramin. Idan yana wari, ma'aikatan jinya kan daka ƙwayar metronidazole, maganin kashe ƙwayoyin cuta, su barbaɗa, warin ya ragu cikin kwana biyu zuwa uku, amma nas ta gani tukuna. Baƙin ɓawo, ruwa mai yawa, ko zazzaɓi, na nas ko likita ne, ba na gida ba.

Lalacewa da gyara

Masu huda ta sanannu ne: allurar da aka ajiye a gado bayan an yi wa majinyaci allura, fil, almakashi, makullin da ke aljihun mai dubiya da ya zauna a bakin gado, da tartsatsin kaskon turaren wuta ko maganin sauro na hayaƙi. A ajiye kujera ko tabarma don baƙi, gadon na mutum ɗaya ne. Alamar huji ita ce rukuni ɗaya ya riƙa cika ɗayan na kwance. Kafin a zargi katifa a duba tiyo, sau da yawa shi ne ya zare ko ya tsage a baki, a yanke santimita 2 a mayar. In ba shi ba ne, a shafa ruwan sabulu a bi inda ke kumfa, a busar, a manna facin da ya zo da ita, a bar shi awoyi kafin a hura. Gam ɗin mai facin taya na roba ne irin ta taya, ba ya kama wannan da kyau. Hujin da ya faɗo a kan ɗinkin da ke tsakanin ƙulu-ƙulu ba ya facuwa, sai sabuwa. Shimfiɗar kaɗai ake saya, injin na nan.

Idan kuma rukuni ɗaya ya cika ya ƙi saki sam, injin ne ya daina juyawa. Wannan ya fi huji hatsari domin katifar na nan a cike, kowa na ganin lafiya lau, alhali wuri ɗaya take dannewa tun jiya. Ɗora hannu a kan gora ɗaya na minti 15 sau ɗaya a yini ya isa ya tona.

Wanki da ruwa da sabulu ne, sai a bi da ruwan bilic mai 3.5%, mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Rana na busar da robar ta tsage, kananzir na lalata ta.

A kwanakin ƙarshe, lokacin da Baba ya daina ci da sha, jini na janyewa daga fata, tabo na iya fitowa cikin awoyi duk da katifa da duk juyin da aka yi. Ba sakacin kowa ba ne, kuma ya kamata 'ya'yan da ke nesa su san haka kafin su zo su fara tuhumar waɗanda ke ɗakin. A wannan matakin agogo ya daina mulki: idan juyawa na sa shi nishi, a rage, a wadatu da ɗan gyara matashi da karkata shi kaɗan, a sassauta iskar zuwa inda fuskarsa ta fi sakewa. Injin dai a bar shi a kunne.